Yadda na yi binciken digirina na biyu a kan ɗan tayin kaza, daga zaɓen maudu'i har zuwa kare aiki

Ina rubuta wannan ne domin ɗaliban nazarin halittu da na ilimin sassan jiki masu sha'awar bincike a kan yadda ɗan tayi ke ginuwa, waɗanda ake ta sanyaya wa gwiwa da cewa irin wannan aiki sai a Turai. Ni ma haka aka faɗa mini. Akwai ɓangaren da lalle ba zai yiwu a ɗakin gwaje-gwajenmu ba, amma akwai wanda za ka iya yi da ƙwan kaza, da allura, da madubin ƙara girma, matuƙar wutar injin ƙyanƙyasa ba ta yanke ba. Yawancin wahalar da na sha ta rashin wanda zai nuna mini abin da ke gaban wani ce, shi ya sa zan jero komai yadda ya faru.

Bayan mun gama kwasa-kwasan shekarar farko, sashe ya liƙa sunayen malaman da za su duba aikin kowa. Na je wurin Malamata da shawarar da na daɗe ina riƙe da ita, wato in maimaita gwajin da Cheryll Tickle da abokan aikinta suka wallafa a 1982. Sun sa sinadarin retinoyik asid, wanda jiki ke samarwa daga bitamin A, a gefen gaba na tsiron fiffiken ɗan tayin kaza, sai fiffiken ya fito da ƙarin yatsu. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce in je in nemo farashi tukuna. Dillalan kayan lab da na tuntuɓa duk bakinsu ɗaya: sai an yi odarsa daga waje, da dala ake lissafi, kuma zai ɗauki watanni. Ga shi ba ya son haske, kuma sai an adana shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Da na koma ta tambaye ni, "Firizar sashen nan awa nawa take samun wuta a rana?" Na ce, "Ranki ya daɗe, sai dai addu'a." Ta ce, "To koma baya shekara goma sha huɗu. Kafin a fara amfani da sinadarin, da me aka yi aikin?" Abin da take nufi shi ne gwajin John Saunders da Mary Gasseling na 1968 a Amurka. Su ba su sayi sinadarin komai ba. Sun yanko ɗan nama daga gefen baya na tsiron fiffiken wani ɗan tayi, suka dasa shi a gefen gaba na tsiron wani, sai fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, rabi na kallon rabi. Ashe ɗan tayin da kansa yake samar da sinadarin saƙon da ke tsara yatsun, kai dai ka ɗauko masana'antar ka sauya mata wuri. A kan wannan muka tsaya, shugaban sashe ya sa hannu a fom ɗin amincewa da maudu'i.

Daga nan sai rubuta furofozal da gabatar da shi a seminar sashe. Ka shirya wa tambaya guda, domin ko ba daɗe ko ba jima wani zai jefo ta. A wurina wani dattijon farfesa ne ya ɗaga hannu ya ce, tunda duk ƙwayoyin halittar ɗan tayi saƙon gado iri ɗaya suke ɗauke da shi, ta yaya wannan ke sanin ita yatsa za ta zama, waccan kuma kafaɗa? Na ce, Allah ya gafarta Malam, akwai wasu 'yan wurare a jikin ɗan tayi da ke fitar da sinadarin saƙo, sinadarin yana bazuwa cikin nama, yana da yawa kusa da inda ya fito, yana raguwa in an yi nisa. Kamar turaren wuta ne a kasko: wanda ke cikin ɗakin ƙamshi ya cika masa hanci, na tsakar gida yana jin kaɗan, na zaure da ƙyar, kuma ko an rufe maka ido kana iya gane inda kake daga ƙarfin ƙamshin. Ƙwayar halitta na auna yawan abin da ya iso gare ta da tsawon lokacin da ta yi tana samunsa, sai ta kunna wasu ƙwayoyin gado ta kashe wasu. Alan Turing ne ya kira irin waɗannan sinadarai mofojen a 1952. Lewis Wolpert kuma ya zo a 1969 da misalin tutar Faransa, inda sinadari ɗaya ke raba jerin ƙwayoyi gida uku, shuɗi da fari da ja, gwargwadon yawansa. Sai a 1988 Wolfgang Driever da Christiane Nüsslein-Volhard suka nuna irin wannan sinadari ƙuru-ƙuru a ƙwan ƙudan 'ya'yan itace, wato Bicoid, wanda ke taruwa a gefen da kai zai fito. Farfesan ya gyaɗa kai, ya ce in ƙara wannan bayani a babi na biyu. Aka amince da furofozal tare da 'yan gyare-gyare, kuma sai an kai kwafin da aka gyara ga sakataren kwamitin karatun gaba da digiri kafin a ba ka takardar ci gaba.

Zango na uku ne ya fi cin lokaci, wato neman izinin kwamitin kula da ƙa'idojin bincike a kan dabbobi. Wasu abokan karatu sun ce mini ƙwai ba dabba ba ne, in wuce kawai. Kada ka saurare su. Mujallu da yawa ba sa karɓar aiki ba tare da lambar izini ba, kuma mai jarrabawa daga waje yana iya neman ta. An buƙaci fom ɗin kwamiti, da furofozal da aka amince da shi, da wasiƙar Malamata ta hannun shugaban sashe, da rasidin biyan kuɗi. Kuɗin ta Remita ake biya, sannan a kai takardar ofishin kuɗi a buga mata hatimi, domin takardar banki kaɗai ba ta wadatar. Abin da fom ɗin bai fito ya faɗa ba, amma kwamiti ke son gani, shi ne ƙwai nawa za ka yi amfani da su da dalilin wannan adadi, a kwana na nawa za ka tsayar da gwajin, ta wace hanya za a kashe ɗan tayin ba tare da jan lokaci ba, da yadda za a zubar da ragowar. Na rubuta cewa zan tsaya a kwana na 10, alhali kaza na ƙyanƙyasa a kwana na 21, kuma ba za a bar ko ɗaya ya ƙyanƙyashe da fiffike mai lahani ba. Kwamitin ba kullum yake zama ba, in ka kuskure zama ɗaya sai na gaba. Na yi safa da marwa tsakanin sashe da ofishinsu har masinja ya san fuskata. A ƙarshe wata ma'aikaciya ce ta tausaya mini ta faɗa mini ranar da ake rufe karɓar takardu kafin kowane zama, abin da ba a rubuta a ko'ina ba.

Lokacin jiran bai tafi a banza ba, domin Malamata ta haɗa ni da babban ma'aikacin lab, wani dattijo da kowa ke kira Baba. Bayan na biya kuɗin amfani da ɗakin gwaji na kawo masa rasidi, ya buɗe wani ɗaki ya nuna mini tsohon injin ƙyanƙyasa da ƙura ta rufe. Ya ce, "Ɗana, kada ka yarda da lambar da injin nan ke nunawa. Sayo ma'aunin zafinka ka sa a ciki." Muka kunna shi babu ƙwai muna rubuta zafinsa safe da rana da dare, sai ga shi akwai bambanci tsakanin abin da yake nunawa da abin da ke ciki, kuma bene na sama ya fi na ƙasa zafi. Abin da ake nema shi ne digiri 37.5 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyas, da farantin ruwa a ƙasa saboda laima, musamman da hunturu lokacin da iska ke busar da komai. Baba ne kuma ya koya mini fiƙe allura. Waya ce siririya ta ƙarfen tangistin, ana tsoma bakinta a ruwan soda mai ƙarfi ana ba ta 'yar wutar lantarki har ta yi tsinin da ido ba ya gani. Sauran kayan duk a gari na same su: sirinji, salatif mai faɗi, ƙaramin almakashi, hantsaki mai siririn baki, sifirit, tawadar zane baƙa, da ruwan gishirin asibiti.

Da izini ya fito na shiga neman ƙwai. Ƙwan da ake sayarwa a kiret a kasuwa ba zai yi ba, domin kajin gona masu ƙwai ba a haɗa su da zakara. Sai ka je gonar da ke ƙyanƙyasar 'yan tsaki, ko cibiya irin NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, wadda ta samar da kazar Shika Brown. Ni wata gona mai zaman kanta na samu. Ka tafi da wasiƙar gabatarwa daga sashe, kuma kada ka ji haushi in an tsayar da kai a bakin ƙofa an fesa wa takalmanka magani. Tun ɓarkewar murar tsuntsaye a jihar Kaduna a 2006 masu gonaki suka ƙara taka-tsantsan da baƙi, kuma suna da gaskiya. Ƙwai mai zakara ya fi na ci tsada, sannan su sun fi son sayar da ɗan tsako a kan ƙwai, don haka sai da manaja ya amince. Ka roƙi a ba ka wanda aka kwashe a ranar, ka rubuta kwanan wata da fensir a ɓawon. Ana iya ajiye shi kamar mako guda a wuri mai sanyin digiri 15, amma a ƙasarmu da bazara zafin ɗaki kaɗai ya isa ya sa ɗan tayi ya fara girma ba bisa tsari ba tun kafin ya shiga inji. Na riƙa ɗaukowa da sassafe a cikin kula, an jera a kiret na takarda, ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Kaɗan-kaɗan na riƙa saye, gwargwadon abin da zan iya aiki a kai a zama ɗaya.

Ana kwantar da ƙwan ne a gefensa a cikin inji, a yi alama a saman, domin ɗan tayi kullum yana tasowa saman gwaiduwa. Ranar buɗewa sai a goge ɓawon da sifirit, a huda ɓangaren da ya fi faɗi, a zuƙe farin ƙwai kamar mililita biyu zuwa uku da sirinji don gwaiduwar ta sauka, a manna salatif a sama, a yanke 'yar taga da almakashi. Ranar da na fara leƙa ƙwan kwana biyu ban ga komai ba sai wani farin tabo. Baba ya karɓi sirinji ya tura ɗigon tawadar da aka sirka a ƙarƙashin tabon. Nan take ɗan tayin ya bayyana fari tas a kan baƙi: kai da kumburin idanu, da bututun da zai zama laka, da wasu 'yan dunƙule-dunƙule a jere dama da hagu, da zuciya kamar lanƙwasasshen zare tana bugawa. Na daɗe ban ɗago ba, bakina sai tasbihi. Waɗannan dunƙule-dunƙulen, da ake kira somait, su ne za su zama ƙashin baya da tsoka, kuma a kaza duk bayan kamar minti 90 sabbi biyu ke fitowa. A nan ne na fahimci amfanin jadawalin Viktor Hamburger da Howard Hamilton na 1951, wanda ya raba girman ɗan tayin kaza mataki 46 bisa ga siffarsa. Ƙwai biyu da suka shiga inji tare suna iya bambanta da mataki ɗaya ko biyu, saboda haka siffa ake dubawa, agogo kiyasi kawai yake ba ka. Dashen da zan yi yana bukatar mataki na 20 ko kusa da shi, wato wajen kwana uku zuwa uku da rabi. Na buga hotunan jadawalin na manna a bango saitin madubi.

Sai wuta ta nuna mana halinta. Taransifomar unguwar ta lalace cikin dare, janaretan sashe kuma ba a kunna shi sai lokacin aiki. Da safe na tarar da injin ya huce, ƙwan da na dasa wa nama da wahala yawancinsu sun mutu, sauran kuma girmansu ya karkace ta yadda ba za a dogara da su ba. Ranar gwiwata ta yi sanyi ƙwarai, har na fara tunanin sauya maudu'i. Malamata ta ce ba za a sake sa ƙwai ko ɗaya ba sai an warware maganar wuta. Na rubuta takarda ta hannun shugaban sashe ina neman izinin ajiye batiri da inbata a ɗakin, da izinin shiga ginin bayan an tashi aiki, aka kai kwafi ofishin tsaro. Na ari ƙaramin janareta a wurin yayana don cajin batiri. In ka tambaye ni abin da ya fi cin kuɗi a aikin nan gaba ɗaya, fetur ne da batiri, sun ninka kuɗin ƙwai da kayan aiki nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya ce mini in sa su a kasafin furofozal.

Dashen kansa aikin natsuwa ne. A wannan mataki ɗan tayi yana kwance a kan hagunsa, don haka tsiron fiffiken dama ne ke sama, bai kai milimita ɗaya ba. Za ka yage siraran fatun da suka lulluɓe shi ba tare da ka taɓa jijiyar jini ba, domin in jini ya ɓalle an gama. Daga wani ɗan tayin kake yanko ɗan nama a gefen baya na tsiron. A bakin tsiron wanda za a dasa wa akwai wani kauri kamar leɓe, shi za ka ɗaga a hankali ta gefen gaba ka cusa naman a ƙarƙashinsa. Kada leɓen nan ya tsinke. Saunders ya nuna tun 1948 cewa in aka cire shi fiffike ba ya ƙara tsawo, daga baya aka gano yana fitar da sinadaran da ake kira FGF, masu sa tsiron ya ci gaba da miƙewa. Bayan an gama sai a ɗiga ruwan gishiri mai maganin kashe ƙwayoyin cuta, a rufe tagar da salatif ruf, a mayar inji. Hannu ba ya faɗawa da wuri, don haka ka ware ƙwan koyo daban a cikin adadin da za ka nemi izini a kai. Na kuma riƙa dasa naman gefen gaba a gefen gaba a wasu ƙwan, don a tabbatar ba yankan ne kawai ke kawo sauyin ba. Fiffiken hagu da ba a taɓa ba shi ma abin kwatance ne.

Sai jira har kwana na 10, kullum kana leƙawa ta salatif kana cire waɗanda suka zama baragurbi. Da yawa ba sa kaiwa, wannan kuma kowa ya san da shi a irin wannan aiki. Waɗanda suka kai muka ciro su, muka sa a maganin da ke hana ruɓewa, muka rina su da shuɗin Alsiyan, wanda ke kama guringuntsi, sannan muka jiƙa su har naman ya zama garai-garai. Fiffiken kaza yatsu uku gare shi, ana ƙirga su 2, 3, 4 daga gaba zuwa baya. Wata ranar Laraba da la'asar na ɗora wani a ƙarƙashin madubi na ƙirga: 4, 3, 2, 2, 3, 4. Na sake ƙirgawa, na kira Baba shi ma ya ƙirga. Ya ce, "Je ka kira Malamarka." Ba duka ne suka ba da shida ba. Wasu ƙarin yatsa ɗaya kawai suka yi, 2, 2, 3, 4, kuma waɗannan ne suka fi koya mini abu. Tickle ta nuna a 1981 cewa in ƙwayoyin da aka dasa kaɗan ne, yatsa mai lamba 2 kaɗai ke ƙaruwa, sai sun yi yawa ake samun 3 da 4. Wato saƙo kaɗan na nufin yatsan gaba, mai yawa na nufin na baya.

Sinadarin da ɗan naman ke fitarwa an gano shi a 1993 a ɗakin binciken Cliff Tabin da ke Jami'ar Harvard, sunansa Sonic hedgehog, ana taƙaita shi da Shh. Shi ne kuma ke fitowa daga ƙarƙashin bututun laka yana tsara ire-iren ƙwayoyin jijiya, yayin da wasu sinadaran saƙo da ake kira BMP ke zuwa daga sama. Abin mamaki, in aka dasa irin wannan nama daga ɓera a fiffiken kaza, ƙarin yatsun na kaza ne ke fitowa, domin saƙon ɗaya ne, mai karɓa ne ke fassara shi da abin da ya gada. Na tsaya a kan wannan a babin tattaunawa, saboda ya shafe mu kai tsaye. A jihar Aidaho ta Amurka, a shekarun 1950, tumaki sun riƙa haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, aka gano wani tsiro suke ci wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki, kuma sinadarinsa yana toshe hanyar saƙon Shh. Wasu nau'o'in cindo a jikin mutum suna da alaƙa da ƙwayoyin gadon wannan hanya. Maganin ƙurajen fuska mai suna isotiretinoyin, ɗan'uwan retinoyik asid, yana jawo mummunar nakasa ga jariri in mai ciki ta sha. Bututun laka na ɗan Adam yana rufewa ne wajen kwana 28, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba, shi ya sa ake so a fara shan folik asid tun kafin ciki. Tunda na ga yadda ɗan naman da bai kai kan allura ba ya sauya fiffike, na daina yin shiru in na ga mai ciki za ta sha magani ko haɗin gargajiya ba da sanin likita ba.

Ga wanda zai bi wannan hanya, jerin da zan ba shi shi ne ya gwada injin ƙyanƙyasa ya kuma tanadi wuta tun kafin ya rubuta furofozal, ya sa fetur da batiri a kasafi, ya miƙa takardun kwamiti washegarin semina, ya nemi izinin shiga lab da dare tare da su, kuma ya yi magana da gona kafin izini ya fito. Ya lissafa sa'ar da zai sa ƙwai a inji ta yadda mataki na 20 zai faɗo da safe ranar aiki, kada ya faɗo tsakar dare ko lokacin sallar Juma'a. Ya ajiye littafi guda mai lambar kowane ƙwai, da matakinsa, da abin da aka yi masa, har da waɗanda suka mutu. Ya ɗauki hoton komai, ko da waya ce a bakin madubi, da ɗan ma'auni a gefe. Kowane rasidi ya yi masa kwafi biyu, domin a wurin kiliyarans za a sake neman su.

Ranar kare aiki mai jarrabawa daga waje ya nemi ganin takardar izinin kwamiti da littafin lab kafin ya buɗe babi na ɗaya. Sannan ya tsaya a wata jimla inda rubutun ya nuna kamar aikin ya tabbatar da cewa Shh ne ya samar da ƙarin yatsun. Ya ce, "Ka ga Shh da idonka?" Na ce a'a, ranka ya daɗe, ganinsa na bukatar rini na musamman da ba mu da kayansa, abin da na gani tasirin naman ne. Ya ce to haka za a rubuta, a jingina sunan sinadarin ga waɗanda suka gano shi. Ya kuma nemi a raba teburin sakamako gida-gida bisa matakin ɗan tayin da aka dasa wa. Aka ba ni wa'adin gyara, mai jarrabawa na cikin gida ya duba ya sa hannu, na kai kwafi makarantar karatun gaba da digiri aka tantance tsarin shafuka kafin a ba ni izinin ɗaure littafin. Alluran da jadawalin bango na bar su a wurin Baba, akwai wata ɗaliba da ke shirin cire leɓen tsiron a matakai daban-daban don ta ga inda fiffike ke tsayawa.